Allurar da aka fara ba a ƙarasa ba

Kwanakin baya, a wani gida da ke unguwar Ƙofar Sauri a birnin Katsina, wata ƙanwata ta ciro katin riga-kafin ɗanta daga cikin kwalla, inda take adana shi tare da sauran takardun gida. Yaron ya kusa shekara biyu, amma layi biyu kacal aka cike: allurar haihuwa, wadda ta bar masa ɗan tabo a damtse, da ta mako 6. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Yaya, a daren da aka yi masa ta biyun jikinsa ya yi zafi, ya kwana yana kuka, shi ne babansa ya ce kada a sake kai shi."

A ganina, irin wannan gida ya fi gidan da ya ƙi allura ƙiri-ƙiri buƙatar a zauna da shi, domin mutanensa suna ɗauka yaronsu ya tsira, alhali an bar aikin a tsakiya. Abin da ke cikin allurar ƙwayar cuta ce da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata. Idan ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan taso mata, su ƙera makamin da ya dace da ita, sannan wasunsu su riƙe kamanninta, ta yadda ranar da cutar gaske ta zo za ta tarar an san ta. Ɗan zazzaɓin da ya tsorata mahaifin yaron alamar wannan horo ce, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai darasi ɗaya bai isa ba, shi ya sa allurar da ke kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, ake yin ta a mako 6 da 10 da 14. Ta ƙyanda kuwa ana jinkirta ta zuwa wata 9, saboda kafin lokacin garkuwar da jariri ya samo daga jikin uwarsa takan hana allurar kamawa, sannan a ƙara ta biyu a wata 15.

Lamarin bai tsaya kan yaro ɗaya ba. Mai ƙyanda ɗaya na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda ba garkuwa, don haka sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 allura kafin cutar ta rasa hanya. A jihar da jama'a ke zirga-zirga kullum tsakaninta da Nijar ta Jibiya da Kwangwalam, kuma rashin tsaro ya raba ƙauyuka da dama da ma'aikatan lafiya, kowane kati da ba a cike ba ƙofa ce. Mashaƙon da ya addabi Kano da Yobe da Katsina a 2023 ya fi kama waɗanda ba su kammala allurarsu ba.

Ba na raina shakkun mutane. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar miki, kuma tambayar dalilin da ya sa ake kawo ɗigon shan inna har ƙofar gida kyauta, amma ba ko maganin zazzaɓi a asibitin unguwa, tambaya ce da hukuma ta cancanci ta amsa da aiki. Amma dattawanmu masu tabon agana a fuska shaida ne: da riga-kafi aka kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da hakan a 1980, kuma a 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Abin da ƙanwata ba ta sani ba, kuma babu wanda ya gaya mata a ranar allurar, shi ne yaron da ya tsallake lokaci ba a sake masa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ta ce za ta kai shi, in babansa ya amince.