Minti Tara da Rabi

(A ofishin wani lauya a birnin New York. Mai Kare da Maƙwabcinsa sun zo neman sulhu kafin magana ta kai gaban hukuma.)

LAUYA: Ku saurara da kyau. Dokar hayaniya ta wannan birni ta ce idan kare ya yi haushi na minti 10 a jere tsakanin ƙarfe 7 na safe da 10 na dare, har ana jiyo shi sosai daga cikin gidan maƙwabta, to mai shi ya yi laifi. Daga 10 na dare zuwa 7 na safe kuwa, minti 5 sun isa a ci shi tara.

MAI KARE: Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, ashe gaskiya tana wajena. Karena bai taɓa wuce minti 9 da rabi ba, sai ya tsaya ya sha ruwa.

MAƘWABCI: Ya sha ruwa ya dawo da sabon ƙarfi, ranka ya daɗe! Rabin mintin nan da yake hutawa bai isa mutum ya gyara kwanciya ba.

LAUYA: Da dare fa, malam, da lokacin ya ragu zuwa minti 5?

MAI KARE: Da dare ni ne agogonsa. Ina zaune kusa da shi da ƙashi a hannu, da ya kai minti 4 sai in miƙa masa. Na biya mai horar da karnuka, na cire ƙararrawar ƙofa, na daina gayyatar baƙi, kuma rabona da barci mai nauyi tun ranar da takardar gargaɗi ta iso.

LAUYA: Wato ka koya masa cewa duk wanda ya yi haushi na minti 4 zai samu ƙashi.

MAI KARE: Lallai na lura yana ƙiba.

LAUYA: Ka gode wa Allah ba a Ingila kake ba, domin dokarsu ta kare muhalli ta 1990 ba ta ƙirga minti. Idan ƙaramar hukuma ta bincika ta ga haushin ya zama damuwa, sai ta aiko da takardar umarni, wanda ya ƙi bi kuma ya tsinci kansa a kotu. A wani ƙauyen Faransa mai suna Feuquières kuwa, a 2019 magajin gari ya sanya tarar Yuro 68 a kan haushin da ya wuce kima.

MAI KARE: To, an tara karnukan ƙauyen an karanta musu dokar?

LAUYA: Ba a kai wa kare takarda, malam, kai ake kawo wa. Kai kuma, maƙwabci, ina shaidarka?

MAƘWABCI: Ga littafi nan cike, ranka ya daɗe. Kowane haushi na rubuta lokacin farawarsa da na ƙarewarsa, ga kuma muryar da na naɗa a waya. Ba dare ɗaya da na yi fashi.

LAUYA: Aiki ya yi kyau. Sai dai kare ba ya haushi haka kawai. Ko kaɗaici ya dame shi, ko zaman banza ya ishe shi, ko kuma ya ga baƙon ido. A ina kake tsayawa kana wannan rubutu?

MAƘWABCI: A jikin shingen gidansa, da tocila a hannu domin in ga agogo.

MAI KARE: Kai ne mai tocilar? Wata guda ke nan ina kiran 'yan sanda a kanka!

LAUYA: Amma doka ta ce sai an jiyo haushin daga cikin gidanka.

MAƘWABCI: Ai daga cikin ɗakina ba ya fita sosai, ranka ya daɗe, shi ya sa nake fitowa.