Bankuna da Jama'ar Maraɗi: Ilimin Ma'aikaci Ya Fi Buhun Shinkafa Amfani

Duk shekara idan azumi ya kama, ko ruwan sama ya yi ɓarna, bankunan da ke da rassa a Maraɗi sukan fito da kayan agaji: shinkafa, sukari, man girki, gidajen sauro, wani lokaci har da teburan makaranta. A taru a harabar asibiti ko gidan marayu, a yi jawabi, a ɗauki hoto, kafin la'asar an watse. Ba na cikin masu raina wannan kyauta, domin wanda ya ga halin da mutane suka shiga bayan ruwan da ya sauka a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rusa gidaje kuma aka rasa rayuka a cikin wannan birni, ya san darajar tabarma ɗaya da bargo ɗaya. Abin da nake gani shi ne bankuna suna ba mu abin da kowane alhaji mai hali zai iya bayarwa, suna riƙe abin da su kaɗai suke da shi, wato ilimin sarrafa kuɗi da ke kan ma'aikatansu.

Akwai tsare-tsaren da suka cancanci yabo. Tun shekarar 2013 bankin Ecobank ya ware rana guda a shekara da ma'aikatansa a ƙasashen da yake aiki suke fita aikin sa-kai, kuma gidauniyar Bank of Africa ta daɗe tana gina azuzuwa da wuraren shan magani. Gina aji da bulo a Maraɗi ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu manta da ranar 8 ga watan Nuwamba na 2021 ba, ranar da gobara ta cinye azuzuwan zana a wannan gari, yara fiye da 20 suka rasu. Duk bankin da ya maye gurbin rumfar zana ɗaya da gini ya yi aikin da iyaye za su daɗe suna yi masa addu'a a kai. Sai dai rana ɗaya a shekara ba ta isa ta canja yadda jama'a da banki suke kallon juna, kuma matsalar a nan take.

Maraɗi ita ce cibiyar kasuwancin Nijar, gari ne da alhazai suka gina da gyaɗa da fatauci tsakaninsu da Katsina da Kano, har babban bankin yammacin Afirka, BCEAO, yana da reshe a nan. Duk da haka, akasarin masu juya kuɗi a babbar kasuwa, da masu kawo gero da wake daga Tasawa da Mayahi, da masu dabbobi daga Dakwaro, ba su da asusun ajiya. Idan za su aika kuɗi sai su nufi Nita ko Al Izza ko Amana, idan za su adana sai su sayi tumaki ko su shiga adashi. Ba jahilci ne ya jawo haka ba. Manyanmu suna tuna rushewar bankin BDRN a 1990, wanda bayansa aka kafa SONIBANK. Matasa kuwa sun ga abin da ya biyo bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan a ƙarshen watan Yuli na 2023, lokacin da mai kuɗi ya riƙa yini a layi don ya ciri kaɗan daga cikin abin da yake nasa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, kuma gaskiya ba bankunan ne suka jawo shi ba, amma wanda ya sha wahalar layin bai bambanta mai laifi da marar laifi ba. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda mutane da yawa suke gudu saboda addini, kuma ba su samu wanda zai zauna ya yi musu bayanin hanyoyin da suka dace da shari'a ba, alhali akwai bankin Musulunci a ƙasar.

To, a irin wannan yanayi, mene ne sadakar da ta fi dacewa da banki? A ganina ita ce ma'aikacin da ya iya lissafi ya ware sa'o'i biyu ko uku a kowane wata, a cikin lokacin aikinsa kuma da yardar shugabanninsa, ya je ya zauna da mutanen da suke bukatar wannan ilimi, ya yi musu magana da Hausa.

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar ƙungiya ba, domin wuraren zaman suna nan. A yankin Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, inda mata suke zuba kuɗi kowane mako a akwati ɗaya, su ba junansu rance, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Wannan dabara ta tashi daga ƙauyukanmu ta bazu a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da suka riƙe akwati shekara da shekaru ba tare da an ci amana ba sun nuna cewa sun fi wasu manyan ƴan kasuwa iya biyan bashi. Inda suke tsayawa shi ne lokacin da akwatin ya girma: kuɗin ya fi ƙarfin a ajiye shi a ɗaki, littafin lissafi ya rikice, ƙungiya tana son sayen injin niƙa ko injin matse man gyaɗa amma ba ta san takardun da ake nema ba. A daidai wannan gaɓa, ma'aikaciyar banki ɗaya da za ta riƙa zuwa a kai a kai, ta duba littafi, ta nuna yadda ake raba jari da riba, ta bayyana abin da ke cikin yarjejeniyar rance kafin a dangwala hannu, ta yi abin da tirelar shinkafa ba za ta yi ba. Na ce ma'aikaciya da gangan, domin a gidaje da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga ta zauna da matan har su saki jiki su yi tambaya.

Haka abin yake ga manoma. Kowa ya san yadda ake karyar da gero da wake da kaka saboda bukatar kuɗin makaranta da biki da biyan bashi, sannan a dawo a saye shi da tsada da bazara. Tsarin warantaj, wanda aka soma gwadawa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, an yi shi ne don maganin wannan: manoma su tara amfanin gona a sito, a kulle da makulli biyu, ɗaya a hannun ƙungiyarsu ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi su sayar su biya. Tsarin yana tafiya inda aka samu sito mai kyau da mai riƙe lissafi na gaskiya, yana kuma mutuwa inda aka rasa su. Bankin da yake neman inda zai sa kuɗin taimako a Gidan Runji ko Madarunfa ko Agye zai iya gina sito ɗaya mai rufin kwano, ya kuma tura ma'aikatansa su koya wa sakataren ƙungiya yadda ake rubuta shiga da fita. Wannan ya kamata ya zama aikin farko na bankin manoma, BAGRI, amma babu abin da ya hana sauran.

Za a ce wannan talla ce aka yi wa rigar sadaka, tunda a ƙarshe bankin ne zai samu sababbin masu ajiya. Haka ne, kuma ban ga aibu a cikin alherin da mai yinsa ma zai amfana ba, muddin an kiyaye sharaɗi ɗaya: ma'aikacin da ya je koyarwa kada a ɗora masa adadin asusun da zai buɗo. Da zarar an yi haka ya zama dillali, kuma ba zai gaya wa mace cewa rancen da take nema ya fi ƙarfin sana'arta ba. Mai aikin sa-kai na gaskiya shi ne wanda zai sanar da mutane haƙƙinsu ko da bai yi wa bankinsa daɗi ba. Tun watan Oktoba na 2014 BCEAO ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗe asusu da rufe shi, kuma a watan Janairu na 2014 aka soma aiki da ƙa'idar da ta ce kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a bankuna da kashi 24 a ƙananan cibiyoyin ba da rance. Mutum nawa ne a kasuwar Maraɗi ya taɓa jin wannan daga bakin ma'aikacin banki?

Wani kuma zai ce ma'aikatan sun riga sun gaji, suna fita aiki tun safe ba sa dawowa sai dare, ba adalci ba ne a cinye musu Asabar da sunan taimako. Wannan magana ce mai ƙarfi, shi ya sa na ce a cikin lokacin aiki. Idan banki ya ba da sa'o'in da yake biya, shi ya yi kyautar. Idan kuwa ya tilasta wa ƙaramin ma'aikaci ya sa riga mai tambarinsa a ranar hutunsa, to ma'aikacin ne ya yi sadaka, bankin ya karɓi godiya.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ilimin kuɗi sam. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake tsananta, ɗakunan yara a asibitocin yankin nan suna cika da masu ƙarancin jini, iyaye suna yawon neman wanda zai ba da leda ɗaya. Ma'aikatan banki mutane ne masu lafiya, a wuri ɗaya suke, kuma ana iya tsara su cikin sauƙi. Da rassan bankunan garin za su raba makonnin damina a tsakaninsu, kowane reshe ya ɗauki nasa ya je cibiyar karɓar jini, da an ceci yara da yawa ba tare da an kashe ko jika ɗaya ba.

Abin da ke hana irin waɗannan abubuwa faruwa, a fahimtata, shi ne inda ake yanke shawara. Kasafin taimako a Yamai ake tsara shi, wani lokaci ma a hedikwatar da ke wata ƙasa, taken shekara ya zo a rubuce, shugaban reshe na Maraɗi aikinsa kawai ya nemo wurin da za a yi bikin. Shi kuwa ya san unguwar da ruwa yake kwanciya, ya san makarantar da har yanzu take cikin zana, ya san masu unguwa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da za su gaya masa gaskiya. Ina kira ga bankuna su bar wani kaso na wannan kasafi a hannun rassansu na yanki, su zauna da hukumar birni da kwamitocin kula da makarantu tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, sannan a ƙarshen shekara kowane reshe ya manna takarda a ƙofarsa, da Faransanci da Hausa, mai nuna nawa ya kashe, a wace unguwa ko wane ƙauye, da sa'o'i nawa ma'aikatansa suka yi tare da jama'a.