Don kwalba ta shiga rami, ba shi ne ta dace ba

Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba a kan maganar amfilifayar marigayi Malam, wato na'urarsa ta ƙara sauti, wadda ta ƙone, ɗansa kuma ya yi rubutu a Facebook yana ɗora min laifi. Wasu na tambaya, wasu na ba ni haƙuri, wasu kuma tuni sun yanke hukunci a dandalin mai shayi cewa ni na kashe ta. To ga amsata, kowa ya ji: kafasitocin da na canja wata biyu da suka wuce, wato kayan da ke ajiye wuta a cikinta, lafiyarsu ƙalau, suna nan a ciki, duk mai mita ya zo ya auna. Kwalabe huɗu ne suka ƙona ta, waɗanda aka cusa mata alhali ba nata ba ne, kuma ba a ɗora mita ko sau ɗaya ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Kun san na'urar. Malam ya taho da ita daga Amurka lokacin da ya dawo karatu, kuma ta girmi yawancin masu zagina a ƙarƙashin wancan rubutun. Kwalabe ne a cikinta, waɗanda mu a bakin aiki muke kira bawul, manya huɗu samfurin 6L6GC da ƙanana a gaba. Ranar da na buɗe ta, a bayan murfin na tarar da rubutun Malam da fensir: ranar da ya canja kowace kwalba, da lambarta, da abin da mai gyara ya auna. Mutum ya yi shekaru yana lallaɓa abu haka, a kwana uku an gama da shi.

Me aka yi? An kalli bidiyo a YouTube, an ga wani Bature yana cire wannan kwalba yana sa waccan yana lumshe ido, sai aka yi odar wani samfurin daban, EL34, guda huɗu. Aka zare 6L6GC, aka danna sababbi, suka shige daram domin duka ƙafa takwas gare su. Shi ke nan, wai tunda sun shiga ai sun dace. Ba su dace ba! A cikin kowace kwalba akwai zaren da ke ɗumama ta, da wuta bolt 6.3 yake aiki. A ma'aunin cin wuta, na 6L6GC yana jan amfiya 0.9, na EL34 yana jan 1.5. Ku lissafa da kanku: huɗu na farko 3.6 ne, huɗu na biyu 6. Wannan ƙarin duk a kan taransifoma ɗaya ya sauka, wadda aka naɗa don kayan farko. Ga shi dama don wutar Amurka aka ƙera ta, mai juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa sau 50 ce, ko ba ka ƙara mata komai ba tana ɗaukar zafi fiye da yadda take yi a can. Sannan a watan bazara, a ɗakin kwano, a gefen Ringim, inda da azahar ko ƙofar ƙarfe ba ka iya dafawa. Jakin da ya saba da buhu uku ka ɗora masa biyar da rana tsaka, ya durƙushe, sannan ka ce laifin wanda ya gyara masa akumari ne?

Ko ƙafafuwan ma ba ɗaya ba ne. Ƙafa ta 1 a EL34 tana da aikin da take yi a cikin kwalbar, a 6L6GC kuwa babu komai a wurin, shi ya sa masu ƙera na'ura da yawa suke ɗaure wata waya a wannan ramin don sauƙin aiki. Wanda bai kifa na'urar ya duba ƙarƙashinta ba, ta ina zai san wannan?

Da aka kawo min ita a bayan mashin, naɗe cikin buhun taki, tun kafin a sauke na ji warin. Duk mai gyaran fanka ya san shi, warin banish da ya dahu. Wani baƙin abu kamar kwalta ya tsiyayo daga gindin taransifomar ya daskare a kan ƙarfen. Ɗan Malam ya ce min, "Kawu, tunda ka taɓa ta ba ta ƙara daidai ba." Na ce masa, "Ɗana, waɗannan kwalaben ni na sa su?" Ya yi shiru. Da yamma sai ga rubutu a Facebook.

Yanzu masu kare shi suna cewa ai Turawa kullum suna canja kwalba suna gwada sauti, abin sha'awa ne, me ya sa mu za a hana mu. Wa ya hana ku? Amma ku kalli bidiyon har ƙarshe mana. Wanda ya san abin da yake yi a cikinsu yana da takardar bayanin kwalbar a gefe, yana da mita, kuma bayan ya canja sai ya saita bayas. Bayas ɗin nan kamar silon mashin ne: shi ke ƙayyade wutar da kwalba take ci lokacin da ba ta aikin komai. Ya yi yawa, farantin ciki ya yi ja kamar garwashi, kwalba ta mutu da wuri. Ya yi kaɗan, sauti ya riƙa fita da ƙaiƙayi. Saitin da ya dace da 6L6GC ba shi ne na EL34 ba. Kuma shi Baturen wutarsa a tsaye take. Mu nan fa? Na sha auna wutar shagona in ga ta sauka ƙasa da bolt 180 da magariba, can cikin dare ta haura 240, in an koma janareta kuwa sai yadda hali ya yi. Ka saita da safe, da dare wani abu daban ne. Wanda yake zaune a irin wannan wuta shi ya fi kowa buƙatar mita, shi ne kuma ya fi kowa gudunta.

Sai masu cewa "amma fa sautin ya fi daɗi, mun ji da kunnenmu." Kunne ba mita ba ne. Ni ma da kunne nake cin abinci, ina girmama shi, amma na san inda yake yaudara. Duk abin da ya ɗan fi ƙara, kunne zai ce ya fi daɗi. Ɗauki ƙananan kwalaben gaba: 12AX7 tana ninka sauti kusan sau 100, 12AT7 kusan 60, 12AU7 ba ta kai 20 ba, kuma dukkansu ƙafa tara ne, rami ɗaya suke shiga. Ka cire 12AU7 ka sa 12AX7, ƙara ta tashi, ka ce ka gano sirri. Ba ka gano komai ba, murɗa maɓallin ƙara ma zai ba ka wannan. Sannan kafin ka kashe na'ura, ka jira kwalba ta huce, ka canja, ka kunna, ta sake ɗumama, an yi minti goma. Wane kunne ne zai riƙe ainihin amon kalangu na minti goma ya kwatanta? Ga janareta na ruri a bayan taga, ga kwano na amsa kuwwa, ga sifika ɗaya a kan buhun gero ɗaya a ƙasa. Kaifin da suka ce sun ji a kukuma, ina kyautata zaton ƙaiƙayin bayas ne da ba a saita ba. In da gaske kana son gwaji, ka daidaita ƙarar da mita, ka juya baya, wani ya canja maka ba tare da ka san wacce ke ciki ba. In ka canka sau da yawa a jere, zan yarda da kai a gaban kowa.

Wani kuma ya rubuto min da manyan baƙaƙe wai ai EL34 ɗin na kamfanin Mullard ne, ba a raina Mullard. Na san Mullard. Masana'antarsu ta Blackburn a Ingila ta yi kwalabe masu kyau, amma ta daina tun shekarun 1980. Sababbin da ake sayarwa yau da wannan suna a garin Saratov na Rasha ake yin su, kuma ba laifi gare su, kwalabe ne na kirki. Yau ɗin nan ƙasashe kaɗan ne suka rage suna wannan aiki da yawa, Rasha da Sin da kamfanin JJ a Sulobakiya, shi ya sa da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 farashi ya yi tashin gwauron zabi. Amma ko daga hannun wanda ya ƙera ta farko ka karɓo, amfiya 1.5 take ja. Suna ba ya rage mata ci. Taransifoma ba ta karanta tambarin da ke jikin kwalba.

Abin da ya fi ci min rai, kwalba ana sayenta. Kamfanin RCA ya fito da 6L6 tun 1936, har gobe ana ƙera ta, ka biya a kawo maka. Taransifomar wannan na'ura kuwa babu shagon da za ka shiga a Sabon Gari ka ce a ba ka. Sai dai a kai wa masu naɗin koyil, a warware, a ƙirga zagaye, a sayi wayar tagulla da tsadarta, a yi addu'a. Allah ma ya taimaka taransifomar wuta ce ta ƙone. Da taransifomar sauti ce, wadda ake naɗawa hawa-hawa ana saɓa wayoyin, da sai dai mu yi ta'aziyya, domin mai naɗin injin ban-ruwa ba zai dawo maka da ita yadda take ba.

Kuma wallahi ba na'urar kaɗai nake ji ba. A cikin akwatin nan akwai wuta sama da bolt 400, kuma kafasita tana riƙe ta bayan an zare soket. Maigidana da ya koya min aiki a Kano, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya sa hannu biyu a cikin rediyo mai bawul, ɗaya yana aljihu, kuma sai ka sauke wutar kafasita ya gani da idonsa. Yaron nan da hannu biyu ya yi ta laluben ciki, ƙannensa na zagaye da shi suna kallo. Da wani abu ya faru, yau da ba maganar taransifoma muke ba.

Ban ce kada a gwada ba. In kana da irin wannan na'ura, ka canja 6L6GC ta wani kamfani da 6L6GC ta wani, manya su zama an auna su sun yi daidai da juna, a saita bayas, ka zauna ka ji daɗinka. Kada ka taɓa kunna ta babu sifika a jone, wannan ma yana kashe taransifomar sauti. In ka rasa mita, tawa tana nan, ban taɓa karɓar kuɗin awo ba. Shi ma ɗan Malam har yanzu ɗana ne, mahaifinsa ya koya min karatu a firamare, kuma na san kewar uban ce ta sa yake son jin na'urar ta fi da. Zan kai taransifomar Kano ranar Asabar in Allah ya kai mu. Amma ya goge wancan rubutun, domin da sunana nake ciyar da iyalina.

Af, tunda maganar ta zo. Don Allah duk wanda ke da tsohuwar rediyo mai kwalba a ɗakin ajiya ko a rumbu, ya daina miƙa wa 'yan gwangwan. Makon jiya a bakin tasha na tarar da yara sun fasa wata da dutse suna zare tagulla, kwalaben a warwatse cikin yashi. Na tsinci biyu da ba su fashe ba, tabon azurfar da ke samansu yana nan da ƙyallinsa bai yi fari ba, alamar iska ba ta shiga ba ke nan. Na ba su kuɗin awara na taho da su. Ku kawo min, ko zanzaro ya yi gini a ciki ina so, zan biya fiye da abin da sikelinsu zai ba ku.