Building 20: ginin katakon da ba wanda ya ji tsoron fasa bangonsa

A jami'ar MIT da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka an taɓa yin wani gini da ko suna bai samu ba, lamba kawai aka liƙa masa, Building 20. A 1943 aka tada shi cikin gaggawa ana tsaka da yaƙin duniya na biyu don masu binciken na'urar rada, wato na'urar gano jirage daga nesa, su samu wajen aiki, katako ne hawa uku, da niyyar ana gama yaƙi a rushe shi. Bai tashi rushewa ba sai 1998.

Ginin fa ba shi da kyan gani ko kaɗan, kuma ni a ganina nan ne sirrinsa. Tunda kowa ya san na wucin gadi ne ba ruwan kowa in ka fasa bango ka ja waya ko ka ratsa bututu, ba sai ka rubuta takarda ka zauna jiran izinin wani ofis ba. Masanin kimiyya Jerrold Zacharias da yake haɗa agogon atom, wato agogo mai auna lokaci daidai matuƙa, da na'urarsa ta fi ɗakin tsayi kawai daben benen ya fasa ya cigaba da aikinsa. A nan Noam Chomsky ya yi shekara da shekaru yana nazarin harshe, a nan Rainer Weiss ya yi aiki, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 2017, ga kuma ɗalibai 'yan kulob ɗin jirgin ƙasa na wasa da suka koma gwanayen kwamfuta, duk ana cakuɗe a lungu ɗaya ana cin karo ana hira.

To me aka gina a filin? Stata Center, zanen Frank Gehry, aka buɗe a 2004 bayan ya ci kusan dala miliyan 300, bangaye a karkace kamar za su faɗo, masu ɗaukar hoto dai sun samu abin yi. A 2007 MIT da kanta ta maka kamfanin mai zanen a kotu kan yoyo da tsagewa, daga baya aka sasanta.

Ba wai ina cewa a koma katako ba ne, tsohon ginin akwai asbestos a jikinsa mai illa ga huhu, kuma binciken yanzu wani yana buƙatar tsaftatacciyar iska da daben da ba ya girgiza. Amma ginin da ya ci miliyan 300, wane farfesa ne zai iya ɗaukar guduma ya fasa dabensa don na'urarsa ta yi tsayi?