Yaron da Ba Ya Cin Nama: Awara da Zogale Kaɗai Ba Su Isa Ba

A Turai da Amurka matasa da iyayensu ne suke zaɓar barin nama, wasu don tausayin dabbobi, wasu don kare muhalli, a Indiya kuma miliyoyin gidaje sun gaji hakan daga addini da al'ada. Mu a nan tsada ce take yanke wa yara hukunci, domin akwai gidajen da tsoka ba ta shiga tukunya sai da layya ko ranar suna. Jikin yaro ba ruwansa da dalilin da ya sa aka hana shi nama, saboda haka abin da masana suka gano game da 'ya'yan masu ƙaurace wa nama ya shafe mu kai tsaye.

A 2016 babbar ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce abincin da babu nama yana iya wadatar da mutum tun daga ƙuruciya, muddin an tsara shi da kyau. A 2019 kuma majalisar manyan likitocin Beljiyam ta yi gargaɗin cewa bai dace a raini yaro a kan tsirrai zalla ba. A ganina duk wanda ya haɗa maganganun nan biyu zai gane inda iyakar take: yaron da ya bar nama amma yana samun ƙwai da nono daban yake da wanda aka yanke masa duk abin da ya fito daga dabba.

Sinadarin gina jiki, wanda iyaye suka fi tambaya a kai, shi ne mafi sauƙin samu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, Nijar tana biye da ita, kuma abin da gero da dawa da shinkafa suka gaza a kansa wake yana cike shi. Shinkafa da wake, ƙosai da koko, alale, awara da ƙuli-ƙuli sun isa su riƙe wannan ɓangaren.

Inda matsalar take shi ne bitamin B12, kuma a nan nake da ja da masu yaɗa cewa zogale yana ɗauke da duk abin da jiki yake buƙata. Zogale ganye ne mai amfani ƙwarai, amma ba za a dogara da shi ba wajen samun B12, haka ma awara da gyaɗa da madarar waken suya, sai dai in kamfani ne ya ƙara mata shi. Daga nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa. Da shi jiki yake ƙera jini, da shi yake kare jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma da yake hanta tana ajiye shi har na shekaru, matashin da ya bar nama bana yana iya zama garau na tsawon lokaci kafin kasala da mantuwa da sagewar ƙafafu su bayyana. Jariri ba shi da wannan ajiya mai yawa. Idan uwar da take shayar da shi ta rasa B12, cikin watanni lahanin yake kama shi, wani lahanin kuma ba ya gyaruwa. Mai shekara 14 zuwa sama yana buƙatar maikirogiram 2.4 a rana. Kofin madara yana ba da kusan rabin hakan, ƙwai ɗaya kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan fura da nono, in ba a sirka nonon da ruwa ba, ta fi ƙarfin a kira ta abin sanyaya maƙoshi. Tsohon camfin nan na cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ya cutar da yara da yawa, kuma ya kamata a bar shi. Wanda ba ya taɓa nama, kifi, ƙwai ko madara kwata-kwata ba shi da mafita sai abincin da kamfani ya ƙara wa B12 ko ƙwayar B12 bisa shawarar likita.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, musamman ga 'yan mata da suka fara al'ada. Budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 a rana, kuma masana a Amurka sun ce wanda ba ya cin nama yana buƙatar kusan ninki biyu na wannan adadin, domin ƙarfen wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na tsoka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Ba rashin nama kaɗai ya jawo haka ba, zazzaɓin sauro da tsutsar ciki suna da nasu kason, amma yaron da ya taso a wannan hali ba shi da rarar jinin da zai yi asara.

Abin da ake haɗa wake da shi yana canza yawan ƙarfen da jiki yake ɗauka. Goba, lemo ko ɗanyen tumatir a kan kwaɗon zogale suna ƙara shi, baƙin shayi a kan abinci yana rage shi, don haka gara a jinkirta shayin da awa ɗaya. Jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana karya sinadarin da yake riƙe ƙarfen.

Iyaye mata, ku lura da budurwar da ta wayi gari ta ce ta daina cin nama, bayan ɗan lokaci ta bar mai, sannan ta fara rage tuwo. Wani lokaci tsoron ƙiba ne yake ɓuya a bayan wannan zaɓi, kuma faɗa ba ya magance shi. A kai ta asibiti a auna nauyinta da jininta, a kuma gaya wa likita dalla-dalla abin da take ci daga safe zuwa dare.