Ku ba mu ƙuri'a kafin ku taɓa harajinmu

Kun dai ji abin da ɗan'uwan nan ya faɗa a taron matasa na unguwar Nima da ke Accra ranar Asabar, cewa wai lokaci ya yi da ECOWAS za ta ware kuɗi ta riƙa ciyar da jam'iyyun da suka ratsa iyakokin ƙasashe, kamar yadda ake yi a Turai. Har tafi aka yi masa. Madalla da wannan hangen nesa, wanda ya hango Turai amma bai hango aljihun talaka ba.

Tambayata ɗaya ce: yaushe muka zaɓi ɗan majalisar ECOWAS? Turawan da ake kafa hujja da su sun fara zaɓen majalisarsu kai tsaye tun 1979, yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta amince da jam'iyyun nahiya, amma ba a fara ba su kuɗin gwamnati ba sai 2004, wato bayan shekara 25 jama'a na kaɗa ƙuri'a. Mu kuwa wakilanmu daga majalisar dokokin ƙasa ake tsamo su a tura Abuja, babu wanda ya taɓa zuwa unguwanninmu na Mamobi ko Sabon Zango neman ƙuri'armu domin wannan kujera.

Kuɗin kuma ba daga sama zai faɗo ba. ECOWAS na karɓar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, kuma na ga yayata da takardun tashar jiragen ruwa ta Tema a hannu, tana lissafi da biro a bayan ambulan, kafin ta ƙara kuɗin a kan kowace atamfa.

An ce mini ai manyan jam'iyyun Ghana ma suna da ƙawance a ƙetare: NDC na cikin Socialist International, ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya, NPP kuma na cikin IDU, ta jam'iyyun masu ra'ayin riƙau. To, su ci gaba da zumuncinsu da kuɗin jam'iyya. An ce kuma Nkrumah ya tara jam'iyyun Afirka a Accra a Disambar 1958. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan tarihi har zuciyata, amma mutanen da suka zo neman 'yanci suke yi, ba kason kasafi ba.

Ni dai, ɗan majalisar ECOWAS, ban zaɓe ka ba, don haka ba zan ciyar da kai ba.