Kafin ka sayar da gona ka hau motar Agadas

Ƙannena samarin Maraɗi, da ku nake. An gama girbi, tasha ta fara cika, kowa da jakarsa: wannan Yamai, wancan Agadas. Ban ce kada ku tafi ba. Cin rani gadonmu ne, kuma gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, geron ba ya kai gida tsakiyar rani. Zama bai kama ku ba.

Amma ku sani, aiki kansa ma ɗan ci-rani ne. Ku tambayi tsofaffi zamanin gyaɗa, lokacin da baƙi ke kwararowa garin nan saboda ita, har farin shekarun 1970 ya karya ta. Kasuwancin iyaka ya riƙe mu bayan nan. Da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, kun ga yadda hanyar Ɗan Isa ta yi tsit, 'yan dako suka koma fada suna dafa shayi. Inda kaya ke motsi, nan aiki yake kwana, kuma ba ya sallama in zai tashi.

Shi ya sa maganar gona take ci mini rai. Da zinariya ta ɓulla a Jado, can cikin hamadar jihar Agadas, a 2014, wani ɗan ƙanen babana ya sayar da rabonsa na gado, ya yi kuɗin mota, ya zuba saura cikin na'urar neman zinariya da suka haɗa su huɗu. Hoton wani ya gani a waya, riƙe da damin kuɗi. Bai tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa a can ba, balle mutum nawa suka haƙa rami suka tashi hannu wofi. Masu asara ai ba sa turo hoto.

Wanda ya kira ka, tsare shi da tambaya: wane aiki ne, wa ke biya, ina makwanci? In da hali, tafi da sana'a a hannu, walda ko gini ko gyaran babur. Gonar kuwa, ba wa ɗan'uwa aro, ko ka yi jingina in ta ƙure.

A 2017 gwamnati ta rufe Jado. Ɗan'uwan nan nawa ya dawo da tari da bargo ɗaya. Daminar bana na wuce ta gefen tsohuwar gonarsa, na hango shi duƙe da hauya, yana yi wa Alhajin da ya saye ta ƙwadago. Ya ɗaga mini hannu, na rasa gaisuwar da zan yi masa.